Waiwayi Bayanka Kafin Ka Ɗauki Bidiyo a Gida

A Yindiski, kamar sauran unguwannin Potiskum, baƙo namiji ba ya wuce zaure sai da izinin mai gida. Zai yi sallama, a turo yaro, ya jira. Yau kuwa ɗan gidan ne da kansa yake ɗaukar waya ya shigar da dubban baƙi har uwar ɗakin mahaifiyarsa, ba sallama ba iso. Shi hankalinsa yana kan fuskarsa da waƙar da zai ɗora a TikTok. Mai kallo, musamman wanda ba alheri ya kawo shi ba, sai ya tsayar da bidiyon, ya zuƙo hoton, ya ƙare wa abin da ke bayansa kallo.

Sakacin nan har ƙwararru ya taɓa kayarwa. A watan Afrilun 2015, bayan masu kutse sun durƙusar da gidan talabijin na TV5Monde a Faransa, an yi hira da wani ma'aikacinsa a ofis, ga takardu manne a bayansa ɗauke da kalmomin sirrin shafukan gidan. A Japan kuma, a 2019, wani ya gano tashar jirgin ƙasan da wata mawaƙiya take sauka ta hanyar zuƙo abin da ya fito a ƙwayar idonta cikin hotunanta, ya bi ta har gida ya far mata.

Mu namu bai kai wannan wahalar ganowa ba. Ranar Laraba Alhaji ya dawo daga kara, an zube cinikin shanu a kan tabarma ana ƙirga, can gefe yaro yana rawa a gaban waya. Ko kuma an kawo lefe, an baje akwatuna, ana ɗaga sarƙar gwal ana rangaɗa guɗa, ta taga kuwa ga launin ƙofar gidan, ga tankin ruwa, ga hasumiyar masallacin unguwa. Duk ɗan gari ya gani ya san gidan. A wannan zamani na ɓarayi da masu garkuwa da mutane, an ba su kwatance kyauta ke nan. Rigar makaranta mai bajo da ke kan igiyar shanya ta faɗi inda yaran gidan suke karatu. Takardar NIN mai lamba 11 da aka soke a jikin madubi, da katin ATM da aka yar a kan gado, su ne abin da ɗan damfara yake nema kafin ya bugo waya ya ce daga banki yake.

Abin da ya fi damuna ma ba dukiya ba ne. Matar yayanka ce ta gifta da ɗaurin ƙirji daga wanka, ko madubin sif ya nuno ƙanwarka tana kwance ba ɗankwali. Ba wanda ya nemi yardarsu, amma su za a yi ta yamiɗiɗi da su, har magana ta kai kunnen miji ko surukai. Kada wani ya ce ai a sitatus ɗin WhatsApp kawai ya saka, bayan awa 24 zai ɓace. Wanda ya ga dama ya riga ya sauke shi a wayarsa tun a mintin farko.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Ka juya bayanka ga bango tsura, ka saki labule, ka sanar da mutanen gida za ka ɗauka. In ka gama, ka sake kallon bidiyon ba tare da ka dubi fuskarka ba: bi kusurwa-kusurwa, duba madubi da gilashin talabijin, sannan ka kasa kunne, don sau da yawa akan ji ana kiran sunan yaro ko ana zancen tafiyar mai gida. Bidiyon lefe da na kayan ɗaki a taƙaita shi ga 'yan uwa. Shi kuwa na kai tsaye, tunda ba a iya yanke shi ko gyara shi, a fita da shi zaure ko ƙofar shago.