Zane ba lissafi ba ne: da wane ma'auni malami zai ba da maki?

A lissafi, amsa ko ta yi daidai ko ta kuskure. Amma idan malami a Maraɗi ko Tawa ya sa ɗalibai su zana kasuwa, da me zai auna har ya ba wannan 15 bisa 20, wancan 7?

Sau da yawa ido ne alƙali: zanen da ya fi kyau shi ke kwashe maki. Yaron da aka saya wa fensiran kala, ko wansa ya kama masa, ko ya kwafa daga waya, sai ya wuce wanda ya sha fama da guntun fensir. Mai 7 kuwa yakan ɗauka ba shi da baiwa, ya watsar da zane ke nan.

A Ingila an bi wata hanya dabam. A jarrabawar GCSE da ƴan shekara 16 ke yi, kashi 60 cikin 100 na makin zane na fitowa ne daga kundin ayyukan da ɗalibi ya tara. Sauran 40 na jigon da hukumar jarrabawa ta aiko ne, a shirya masa, sannan a yi aikin awa 10 a gaban masu sa ido. Abubuwa huɗu ake dubawa, kowanne da nauyi ɗaya: nazarin ayyukan wasu, gwada kayan aiki, adana abin da aka lura da shi, da kammalallen aiki. Wato kammalallen zanen rubu'in maki kawai yake ci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijar. Dukawan Damagaram da masu ginin tukwane na Mirriya ba sa auna mai koyo da jaka ɗaya ko tulu ɗaya. Kullum suna kallon hannunsa, su ga ko kuskuren jiya ya gyaru.

Malamin aji ma zai iya haka ba tare da kashe kuɗi ba. Ya faɗi abin da zai duba tun kafin a fara. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi guda, ya sa kwanan wata a kowane zane, kada ya yage wanda ya ɓaci. A yi wani ɓangare na aikin a cikin aji, ɗalibi kuma ya bayyana da bakinsa dalilin zaɓinsa. Ranar ba da maki, sai a ɗora zanen Oktoba kusa da na Mayu, a ga tazarar da yaron ya ci.