Baturen da ya zo ƙidayar shanu a Sabo, ya ɓuge da ƙirga kwanuka

A shekarar 1962 wani baƙo ya sauka a Sabo, unguwar Hausawan Badun da aka kafa tun 1916, kusa da Mokola. Sunansa Abner Cohen, haifaffen Bagadaza a 1921, masanin zamantakewar al'umma da ya yi karatu a Ingila. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne fatauci: yadda shanu ke gangarowa daga Arewa, goro ke haurawa, da yadda maigida da dillali ke riƙe da amanar kuɗin mutanen da ba su taɓa gani ba.

Sai dai kasuwa ta kai shi zaure, zaure kuma ya nuna masa cikin gida.

Tambayar da ta tsaya masa ita ce: ta yaya unguwar baƙi, wadda gwauraye ke ta kwararowa cikinta, take samun matan aure, ta haihu, ta kuma ci gaba da zama Hausa tsantsa a tsakiyar Yarbawa? A littafinsa na 1969, Custom and Politics in Urban Africa, ya nuna cewa mazan Sabo ba su cika auren Yarbawa ba. Matan kuwa da dama sun iso ne suna zaman kansu bayan mutuwar aure a Arewa, daga baya su yi aure su shiga kulle, wasu su sake fita. Maganar ba ta da daɗin ji, kuma ba kowane dattijon unguwa zai so a tayar da ita ba, amma a nan Cohen ya ga hanyar da mace ke iya barin garinsu ta kafa sabon gida a kudu.

Wadda ke kulle ma ba zaman banza take yi ba. Tana dafa abinci, yara su ɗauki talla su kai wa gwaurayen unguwa da fatake, ciniki ya dawo mata har ɗaka. Shi ya sa ɗa yake da daraja biyu, kuma wadda Allah bai ba haihuwa ba takan samu na riƙo daga dangi. Ribar fa? Cohen ya tarar ana zuba ta a kwanukan sha da na tuwo masu fenti, ƙirar Cakoslobakiya, a jera su har su kusa taɓo rufi. Mai kallo daga waje zai ce ƙawa ce kawai. A gaskiya asusu ne, kuma kayan ɗakin 'yar da za a aurar gobe.

Cohen ya koyar a Landan, ya yi bincike a Saliyo, ya rasu a 2001. Raunin aikinsa a fili yake: namiji ne, baƙo, mafi yawan abin da ya sani game da matan kulle daga bakin ƙofa ya tsinto shi. Yau da wayar salula ta shiga kowane ɗaki, awon ciki ya zama ruwan dare, labarin na bukatar sabon marubuci. Jami'ar Badun ba ta da nisa da Sabo. 'Yan matan unguwar da ke karatu a can su ya kamata su ɗauki alƙalami.