Ko Ka San Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi Tana Faɗin Ciwonta?

Ka danna madannin kunnawa, allo baƙi ƙirin. Ka sake dannawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Daga nan sai a yanke hukunci cewa tsohuwar laftof ta cika, saura a kira masu sayen gwangwan. Alhali sau da yawa da sauran ranta, har ma tana faɗin inda yake mata ciwo, mai lura ne babu.

Kafin Windows ta leƙo, akwai wata ƙaramar manhaja mai suna BIOS da ke zaune a jikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira madabod. Ita ke fara farkawa. Cikin 'yan daƙiƙu takan zaga kamar maigida mai duba dabbobinsa da asuba: ta leƙa furosesa, ta leƙa RAM, ta leƙa sashen hoto. In ta tarar wani bai amsa ba, sai ta tsaya cak. Da yake allon bai kunnu ba balle ta rubuta, sai ta koma ga kuka ko ƙifta fitila.

Kowane kamfani da karin harshensa. A tsofaffin HP da yawa, fitilar madannin Caps Lock ce ke ƙiftawa: sau 2 BIOS ɗin ce ta lalace, sau 3 matsalar RAM ce. Dell Latitude kuwa launi biyu take haɗawa a fitilar batir. Ruwan lemo sau 2, fari sau 3, tana cewa ba ta ga RAM ba ke nan. Don haka kafin ka ɗauki sukurudireba, zauna ka ƙirga.

RAM ita ce ta fi yawan jawo wannan rigima, mu kuma ƙurar hunturu ba ta raga mana. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara ina kallo. Ya kife kwamfutar, ya cire batir, ya buɗe murfin baya, ya ture 'yan ƙarafa biyu da ke riƙe da RAM ɗin, ta ɗago kai da kanta. Ya goge bakinta mai ruwan zinariya da kilinar fensir ta 'yan firamare, ya mayar har ta ce ƙas. Ya danna, ta tashi. Aikin bai kai minti biyar ba, mai kwamfutar kuwa da ma ya fara tambayar farashin sabuwa.

Akwai kuma wani batir da mutane da yawa ba su san da zamansa ba. Ɗan mitsitsi ne kamar kwabo, a laftof galibi an naɗe shi cikin leda da wayoyi biyu, ja da baƙa. Wanda aka fi sani shi ne CR2032, kuma sunan nan awonsa ne: faɗi milimita 20, kauri milimita 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS ko da an zare komai daga wuta. Yakan yi shekaru yana aiki ba wanda ya tuna da shi. In ya fara gajiya, sai ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa saboda agogo ya ɓata, wata kwamfutar ma ta tsaya a ƙofa ta ƙi shiga. Dell ta ware masa alamarsa: ruwan lemo sau 3, fari sau 1.

In ba fitila ko ɗaya da ta kawo, fara da caja. Yawancin na HP da Dell bolt 19.5 suke bayarwa, na Lenovo 20, kuma wutar janareta mai hawa da sauka ta kashe caja ba adadi. Ari ta wani mai irin taka ka gwada. Sannan ka cire caja da batir, ka danne madannin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wutar ciki ta tsiyaye.

In kuwa fanka na juyawa amma allo duhu, haska shi da tocilan waya ta gefe, ka matso da ido. Idan ka hangi inuwar rubutu dishi-dishi, kwamfutar lafiyarta ƙalau, fitilar bayan allo ce ta mutu. Jona ta da talabijin ta wayar HDMI, ka kwashe takardunka tukuna, sannan ka nemi mai gyara.