An ƙara wa kwamfuta ram, sai ta ƙara nawa: laifin da ke ɓoye a cikin bayos

A garuruwa irin su Baudeta da ke gundumar Tasawa a jihar Maradi, kwamfutar da ɗan'uwa ya aiko daga Kano, Aljeriya ko Libiya jari ce. Da ita ake tura waƙoƙi da finafinai a waya, ake buga takardun neman aiki, ake gyara hotunan biki. Akasarinsu na hannu ne, wasu sun haura shekara 15 da ƙerawa.

Idan irin wannan kwamfuta ta fara nawa, shawarar farko da ake bayarwa ita ce a ƙara mata ram, wato wurin da take baje aikin da take yi a lokacin. Galibi shawarar tana yin amfani. Amma akwai wasu tsofaffin kwamfutoci da ake ɗaga ram ɗinsu daga giga 2 zuwa 4 ko 8, maimakon su ƙara gudu sai su koma tafiyar hawainiya. Daga nan sai zargi ya fara yawo: mai kwamfuta ya ce an sayar masa da jabu, mai gyara ya ce bairos ne, a yi fomatin, hotuna da takardun mutane su tafi, nawa kuma na nan daram.

A irin wannan yanayi sau da yawa ram ɗin lafiyarsa ƙalau, haka ma babbar manhaja, Windows ce ko Linux. Mai laifin wata ƙaramar manhaja ce da kamfani ya dasa a jikin allon kwamfutar, wadda ake kira bayos.

Yadda matsalar take

Bayos ne ke fara farkawa da zarar an kunna kwamfuta. Shi ke duba kayan da ke cikinta, ya tsara su, sannan ya miƙa ragama ga babbar manhaja. Tun kwamfutar IBM ta 1981 ake tafiya a kan wannan tsari, kodayake na zamani sun koma wani sabon salo mai suna UEFI.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta fi ram sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka yi mata wata 'yar ma'ajiya a jikinta, inda take ajiye abin da take yawan buƙata. Kamar mai shago ne da ya jera kayan da aka fi saye a kan teburinsa, ba sai ya riƙa zarya zuwa sito ba duk lokacin da aka zo sayen ashana.

Tun daga furosesar Pentium Pro da Intel ya fitar a 1995, akwai wasu 'yan rajistoci da ake kira MTRR. A cikinsu bayos ke rubuta wa furosesa ɓangarorin ram da aka yarda ta kwafo zuwa wannan ma'ajiya ta kusa. Gurabensu kaɗan ne, a yawancin tsofaffin furosesoci takwas kacal.

Lokacin da ram bai wuce giga 1 ko 2 ba, lissafin mai sauƙi ne. Da aka kai giga 4 sai ya rikice, domin akwai wani yanki a ƙasa da giga 4 da aka keɓe wa kayan aiki irin su katin hoto, dole a ɗauke ram ɗin da ke wurin a mayar da shi sama. Wasu bayos ɗin sukan yi kuskure a nan, su bar wani yanki na can sama ba tare da izinin shiga ma'ajiyar kusa ba. Duk aikin da ya faɗa wannan yanki, furosesa sai ta yi ta zarya zuwa sito a kan kowace ƙwayar ashana.

Matsalar ta yi ƙamari a wajajen 2007, lokacin da mutane suka fara sa giga 4 zuwa 8 a kwamfutocin tebur, ciki har da wasu allunan da ke ɗauke da cif ɗin Intel 965. Masu amfani da Linux sun fi ɗanɗana kuɗarsu. A 2008 masu gina Linux suka ƙara wata dabara a sigar 2.6.25: idan manhajar ta gano yankin da bayos ya manta, sai ta yi gargaɗi, ta daina amfani da shi gaba ɗaya. Sun ga gara a yi asarar ɗan ram da a ce kwamfuta ta tsaya cik. Kamfanoni da dama kuma sun fitar da sabbin sigogin bayos da suka gyara lissafin.

Sai dai gyaran ba ya shiga kwamfuta da kansa. Wadda ta yi shekaru a wani ofishi a Turai da giga 2, ba wanda ya damu ya sabunta bayos ɗinta, domin matsalar ba ta taɓa bayyana ba. Sai ta bi kwantena ta sauka Kwatano ko Legas, ta iso kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ta ƙetara Maradi, ranar da aka ƙara mata ram tsohon ciwo ya tashi.

Gwajin da ba ya cin ko dala

Kafin a yi fomatin, a kashe kwamfutar, a cire ram ɗin da aka ƙara, a sake kunnawa. Idan gudunta ya dawo, a gwada sabon ram ɗin shi kaɗai. Idan kowannensu yana aiki lafiya shi kaɗai amma in an haɗa su nawa ya dawo, to bayos na sahun gaba cikin waɗanda ake zargi, tare da yiwuwar ram ɗin biyu ba su dace da juna ba.

Akwai wata matsala mai kama da wannan da ya kamata a bambance: Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga 4, yawanci ma giga 3 da ɗoriya take nunawa. Wannan iyaka ce ta manhajar, kuma ba ta jawo irin wancan mugun nawa. Haka nan ƙurar hunturu da ke toshe fanka da zafin bazara kan sa furosesa rage gudu don kare kanta.

Gyara da haɗarinsa

Sabunta bayos kyauta ne, ana sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kuma dole ya zama na ainihin samfurinta. Haɗarin yana wajen wuta. Idan ta ɗauke ana tsakiyar aikin, tsohuwar kwamfuta na iya mutuwa murus. A yankin da lantarkin Nigelec ya dogara da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, ƙauyuka da yawa kuma sola suka dogara da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Laftof sai batirinta ya cika kuma tana jone da caja, ta tebur kuwa sai da na'urar riƙe wuta.

Batun zai ƙara tasowa, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma kwamfutocin wancan zamani ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu su za su ci gaba da ƙara musu ram ko su koma Linux don su ja zamani.

Ga wanda ke ƙasar waje yana shirin aika kwamfuta gida, abu mafi sauƙi shi ne ya sabunta bayos, ya ƙara ram, ya gwada ta kwana biyu a inda yake, inda wuta ke tsayawa. Aikin minti 20 ne a can. A Baudeta kuwa, yana iya zama kuɗin mota zuwa Tasawa ko Maradi, da kuɗin mai gyara, da asarar takardun mutane.