Gargaɗi: Akwai ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani a asibitocinmu

Jama'a, a saurara. Akwai ƙwayoyin cuta a asibiti waɗanda allura ba ta kashe su, kafso ba ya taɓa su. Mutum ya kwanta a yi masa tiyata, aiki ya yi kyau, bayan 'yan kwanaki ɗinkin ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. A canza magani, shiru. A sake canzawa, shiru. Daga nan sai a kira dangi a ce a yi haƙuri.

Ba ku taɓa jin irin wannan a unguwarku ba? Ba ku san mai jegon da aka yi wa aiki, ciwon ya ƙi warkewa ba?

Mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani babban bincike a 2022. Ya nuna cewa a 2019 kaɗai, ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Sun fi waɗanda ƙanjamau ta kashe a shekarar, sun fi na maleriya. Ɗaya cikin kowane biyar yaro ne da bai kai shekara 5 ba. Kuma idan aka auna da yawan jama'a, babu yankin da abin ya fi yi wa ɓarna kamar Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

Ƙwayoyin nan suna da sunaye: Klebsiella, wadda ke shiga jinin jarirai, da Acinetobacter, da MRSA. Suna zama a ƙarfen gado, a wurin wanke hannu, a robar fitsari, a allurar ƙarin ruwa da ta daɗe a jijiya. Hannu ne ke kai su daga wannan gado zuwa wancan. Hannun ma'aikaci, hannun mai jinya, hannun ɗan dubiya. Wasu ƙwayoyin sun gagari magungunan da likitoci ke ajiyewa don ranar da komai ya ƙi, har a koma wa Colistin, tsohon maganin da aka taɓa jinginewa saboda yana illa ga ƙoda. Wa zai iya kuɗin waɗannan magungunan? A asibiti nawa ma ake samun su?

Da hannunmu muka ƙarfafa ƙwayoyin nan. Mura ta kama yaro, a ruga kemis a sayo Ampiclox, alhali ƙwayar da ke kawo mura ba ta jin irin wannan magani ko kaɗan. Ciki ya murɗa, Flagyl. A sha na kwana biyu, a ji sauƙi, a ajiye sauran a saman firji don wani. Masu kiwon kaji ma suna zuba irin wannan magani a ruwan shan kaji ba ciwo ba komai. Duk lokacin da aka yi haka, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu taurin su tsira su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi kashedi kan shan maganin da bai isa ba tun 1945. Ba mu ji ba.

To, yanzu fa?

Kada ku sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta. Ku sha yadda ya ce. Kada ku ba wani ragowar naku. In an kwantar da ɗan'uwanku, ku faɗa wa likita duk abin da ya sha a gida, kada ku ɓoye don kunya. Ku tambaya a yi gwajin jini, fitsari ko mugunya da zai nuna maganin da ƙwayar ke ji. Ku tambaya ko lokacin cire robar fitsari ya yi.

Dubiya lada ce, amma a rage cunkoso. Kada a zauna a gadon mara lafiya. Kada a buɗe ciwo don a gani. Kada jariri sabon haihuwa ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. A wanke hannu da sabulu a shiga, a wanke a fita. In ma'aikaci ya zo taɓa ciwo bai wanke nasa ba, ku tuna masa cikin ladabi.

Kuma ku sa ido bayan sallama. Ɗinki ya kumbura ko yana fitar da mugunya? Zazzaɓi ya ƙi sauka duk da magani? Numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu, mutum ya fara sambatu? Jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki ko ya yi sanyi? Wannan na iya zama cutar ta shiga jini, kuma tana kisa cikin sa'o'i. Kada a tsaya kemis. Kada a ce bari a gani zuwa safiya. A ɗauke shi a koma asibiti a daren.