Kafin Buni Yadi, sai an bi ta Zariya

A makarantun Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da wuya a rasa aji ɗaya da babu mai burin zama irin sojan nan da muke gani a bidiyon waya: fuska a rufe, bindiga a ƙirji, yana dirowa daga jirgi mai saukar ungulu. Su ake kira dakaru na musamman. Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce, a ina ake sayen fom ɗinsu?

Babu inda ake sayarwa. Ba a ɗaukar kowa daga aji shida a kai shi rundunar musamman kai tsaye. Sai mutum ya zama cikakken soja tukuna, sannan a tace shi daga cikin 'yan uwansa sojoji.

Ƙofar farko ita ce ta kuratan soja. Wanda ya yi nasara akan kai shi sansanin horo irin Daffo na Zariya, wanda yake aiki tun 1924, ya yi kusan wata shida yana shan atisaye. A sanarwar shekarun nan, rundunar sojan ƙasa tana neman mai shekara 18 zuwa 22 idan ba shi da wata sana'a ta musamman. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, mace kuwa mita 1.65. Ana kuma neman sakamakon WAEC ko NECO da aka ci aƙalla darussa huɗu har da Turanci, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ƙofa ta biyu ta hafsoshi ce, wato NDA ta Kaduna da aka kafa a 1964. Can sai da jarrabawar JAMB da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma mai shiga sojan ƙasa shekara biyar zai yi kafin ya fito da digiri da anini a kafaɗa.

Mu dai abin da ya fi ba mu tausayi shi ne saurayin da ya shekara yana hawa dutsen garinsu da asuba, ƙirji ya buɗe, ƙafa ta yi ƙwari, amma Turanci ya kayar da shi tun kafin kowa ya ga gudunsa. Wani kuma asibiti ne ke mayar da shi gida. Ana auna ido, da jini, da fitsari, kuma kodin ko tiramol da aka sha don "ƙarin ƙarfi" ba sa ɓuya a gwaji. Zanen tatu ma yana iya hana mutum shiga.

Sai kuma 'yan damfara. Cike fom ɗin kurtu kyauta ne, a shafin intanet na rundunar. Duk wanda ya ce a sayar da akuyar Inna a ba shi kuɗi zai sa sunanka a jerin 'yan Jigawa, to akuyar kawai yake so.

Bayan an zama soja ne ake fara maganar tacewa. Sojan ƙasa yana da makarantar horar da dakaru na musamman a Buni Yadi ta jihar Yobe. Sunan garin ba baƙo ba ne ga ɗalibai: a can ne Boko Haram ta kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya a Fabrairun 2014, ta kashe gwamman yara 'yan makaranta irinku. A Jaji kusa da Kaduna ake koyon dira da laima, a Makurdi kuma akwai Bataliya ta 72 ta dakaru na musamman. Sojan ruwa na da nasu zaratan, SBS, da aka kafa a 2006, masu fuskantar 'yan fashin teku a gaɓar Tekun Gini.

A irin wannan horo, ƙarfin damtse ba shi ne kan gaba ba. Za a ɗora maka kaya mai nauyi ka yi doguwar tafiya cikin dare, barci kaɗan, abinci kaɗan, sannan a miƙo maka taswira da kamfas a ce ka kai ayarinka wani wuri. Mai barci a darasin Jogurafi a nan zai gane kurensa. Ana koyon tsayar da jinin wanda aka harba, da magana ta rediyon soja, da aiki cikin ƙaramin ayari inda gangancin mutum ɗaya ke jawo wa kowa. Da yawa sukan kasa, a mayar da su rundunarsu ta asali, kuma ba abin kunya ba ne. Iyo ma yana da amfani, musamman ga mai son sojan ruwa, amma ba mu ce kowa ya faɗa dam ɗin Kazaure shi kaɗai da sunan atisaye ba.

Akwai abin da bidiyon waya ba ya nunawa. Waɗannan dakaru su ake turawa dajin Sambisa, da tsibiran Tafkin Chadi, da dazukan Zamfara da Katsina. Wasu sukan dawo da rauni na har abada, wasu ba sa dawowa. Don haka maganar ba ta abokai ba ce kawai a bakin shago. A zauna da Baba da Inna a faɗa musu gaskiyar aikin, tun ana aji huɗu, lokacin da sauran damar gyara Turanci da Lissafi kafin zuwan jarrabawa.