Kulle da Sassauci: Yadda Jama'a Suka Auna Gwamnati a Zamanin Korona

A daren 29 ga Maris, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa 'yan Najeriya jawabi, inda ya sanar da rufe Legas da Ogun da Abuja na tsawon kwana 14 don daƙile cutar korona. Wata guda ke nan da gano cutar a jikin wani ɗan ƙasar Italiya a Legas, ranar 27 ga Fabrairu. Kafin jawabin, an riga an kafa kwamitin shugaban ƙasa a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, an rufe makarantu, jihar Kaduna kuma ta kafa tata dokar hana fita ba dare ba rana.

Da farko mutane da yawa sun karɓi dokar hannu bibbiyu. Labaran da ke zuwa daga Italiya da Sifaniya sun tsorata kowa, kuma ba wanda bai san halin da asibitocin ƙasar ke ciki ba. Ƙorafin da aka fi ji a lokacin shi ne gwamnati ta makara wajen rufe filayen jiragen sama, kuma shugaban ƙasa ya daɗe bai ce wa jama'a uffan ba.

Goyon bayan bai yi tsawon rai ba. Mafi yawan masu neman abinci a biranen Najeriya hannu baka hannu ƙwarya suke rayuwa. Ɗan dako a Kantin Kwari, mai adaidaita sahu, mai shayi, matar da ke suyar ƙosai a bakin layi, kowannensu abin da ya samo da rana shi ake ɗora tukunya da shi da yamma. A ce wa irin wannan magidanci ya zauna a gida mako biyu, tamkar an ce masa ya zauna da yunwa ne shi da iyalinsa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta wayar tarho tare da Bankin Duniya a watannin Afrilu da Mayu ya nuna kashi 42 cikin 100 na waɗanda ke aiki kafin zuwan cutar sun daina aiki, kuma kashi 79 cikin 100 na gidaje sun ce kuɗin da ke shigo musu ya ragu. Daga nan aka fara jin maganar da ta bazu ko'ina: yunwa ta fi korona kisa.

Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin tallafi. Ma'aikatar jin ƙai, a ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq, ta fara raba naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, aka kuma ba da umarnin faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, tare da fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati. Ga ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, wannan cikin cokali ne. Rajistar kanta ta fi ƙunsar talakawan karkara, alhali talakan birni ne aka kulle. A unguwanni da dama, abin da ya iso bai wuce 'yan mudun shinkafa da taliya da za a kasa wa layi guda ba, zargin cewa rabon ya bi hannun 'yan siyasa kuwa ya zama ruwan dare.

Sai kuma yadda aka tilasta bin dokar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. Ranar 17 ga Afrilu Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu sakamakon cutar. Hotunan jana'izarsa a maƙabartar Gudu, inda manya suka cunkusu ba tazara, sun yi wa dokar illa fiye da duk wata jita-jita. Mutumin da aka ci tararsa a kotun tafi-da-gidanka don ya fito neman abinci ya ga hotunan, ya kuma yanke wa kansa hukunci a kan ko wa aka yi wa dokar. Rasuwar ta kuma ƙarfafa wani ra'ayi da tun farko yake yawo, wai korona cutar masu kuɗi ce, ta masu hawa jirgi.

A Kano lamarin ya fi ko'ina sarƙaƙiya. An tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya rufe jihar ranar 16 ga wata, azumi kuma ya kama mako guda bayan haka. A daidai wannan lokaci masu haƙar kabari suka fara ba da labarin cewa gawarwakin da ake kawowa sun ninka na yau da kullum, akasari dattawa, cikinsu har da malaman jami'a da tsofaffin manyan ma'aikata. Cibiyar gwaji ɗaya tilo da ke birnin ta tsaya cak na wasu kwanaki. Gwamnatin jihar ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi kan mutuwar mutum 979 ya nuna kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona.

Abin mamaki, wannan bai kawar da shakku ba. Wasu sun ce ba korona ce ta kashe dattawan ba, rufe asibitoci masu zaman kansu da tsoron da ma'aikatan lafiya ke yi na taɓa majiyyaci ne suka bar masu tsofaffin cututtuka ba kulawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wasu kuwa suka dage babu korona sam, gwamnoni ne ke ƙirga masu cutar don a turo musu kuɗi daga Abuja. Shakkun Kano yana da tarihi: ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ba, kuma a nan aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003.

Rufe masallatai ya taɓa zukata ta wata fuskar. Manyan malamai da yawa sun goyi bayan matakin, suna kafa hujja da koyarwar Musulunci kan annoba da kuma dakatar da Umara da Saudiyya ta yi. Amma a Kusada ta jihar Katsina, matasa sun ƙona ofishin 'yan sanda a ƙarshen Maris kan hana sallar Juma'a, a Yamai ma an yi ta tarzoma a Afrilu kan rufe masallatai da dokar hana fitar dare, har gwamnatin Nijar ta buɗe wuraren ibada a tsakiyar Mayu. Tambayar da aka riƙa yi ita ce: in an bari a yi turmutsitsi a kasuwa, me ya hana sahu a masallaci?

Sassaucin ya zo ne bayan jama'a sun riga sun fara sassauta wa kansu. Ranar 27 ga Afrilu Buhari ya sanar cewa daga 4 ga Mayu za a fara buɗe Legas da Ogun da Abuja, da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, da wajabta takunkumi, da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Masu kamuwa da cutar ƙaruwa suke yi a lokacin, ƙungiyar likitoci ta ƙasa ma ta ce an yi gaggawa. Sai dai farashin ɗanyen man fetur ya faɗi warwas, asusun gwamnati ya yi ƙasa, babu kuɗin ciyar da mutanen da aka kulle. Ranar farko ta sassaucin, ƙofofin bankuna suka cika maƙil, kafaɗa da kafaɗa, wasu takunkumin na rataye a haɓa.

Kano, wadda a sanarwar 27 ga Afrilu aka ƙara mata mako biyu na kulle, ta ware Litinin da Alhamis don a fita cefane daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Masu sukar tsarin sun ce tara cefanen mako guda cikin kwana biyu masu sa'o'i shida-shida ya haifar da cunkoson da ake gudu. Da Sallah ta ƙarato, jihar ta ba da izinin Juma'a da Idi, alhali Kaduna ta ci gaba da rufe masallatanta har cikin Yuni. Hana shiga jihohi kuwa ya zama hanyar samu ga wasu masu tsaron shingaye, gwamnonin Arewa da kansu kuma suna kwasar almajirai a motoci zuwa jihohinsu na asali, inda aka gano cutar a jikin da dama daga cikinsu. An ɗage hanin ranar 1 ga Yuli, jiragen cikin gida suka tashi a watan, na ƙasashen waje kuma ranar 5 ga Satumba.

A watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Ilorin da Kalaba da Yola, suka tarar da buhunan shinkafa da suga da kwalayen taliya ɗauke da tambarin CACOVID, gamayyar 'yan kasuwa da ta tara gudummawa. Gwamnoni sun ce ba ɓoyewa aka yi ba, wasu kayan ba su daɗe da isowa ba, wasu an ajiye su ne don tsoron dawowar cutar. Kaɗan ne suka gamsu da bayanin. Da cutar ta sake tasowa a Disamba, alƙalumanta suka zarce na karon farko, gwamnatin tarayya ba ta ƙara gwada kulle gari ba. Ta tsaya ga taƙaita taruka, da umartar ƙananan ma'aikata su zauna a gida, da dokar sanya takunkumi da shugaban ƙasa ya rattaba wa hannu a Janairun 2021.